Farantin Masar da Aƙilu Ya Ƙi Ci

Akwai wani matashi a Tudun Wada, nan cikin garin Gombe, sunansa Aƙilu, wanda ya je intabiyun neman aiki ya amsa kowace tambaya yadda ya kamata, amma ya fito yana ji a jikinsa cewa ya faɗi. Abin da ya fi damunsa ma shi ne bai san a ina ya faɗi ba. Ku gyara zama, jama'a, don neman wurin da ya yi tuntuɓen shi ne labarinmu na yau.

Aƙilu Bafillace ne, haifaffen wata ruga can wajen Dukku. Ya yi karatun koyarwa, ya yi bautar ƙasa, sannan ya dawo Gombe ya raɓe a ɗakin wani ɗan uwansa yana ta yawon neman aiki. Allah ya sa masa son koyarwa. Ko yaran maƙwabta ya gani zaune a ƙofar gida, sai ka ga ya tsinci kara yana zana musu lissafi a ƙasa. Sai dai aikin ya ƙi samuwa.

Wata rana mahaifinsa, wanda suke kira Baffa, ya kira shi a waya. Baffa ba mai doguwar magana ba ne.

"Da an gama girbi za mu tashi da shanu mu nufi Taraba," in ji shi. "Gwiwata ta soma ba ni matsala. In ka samu aikin nan kafin lokacin, Allah ya sa albarka. In ba ka samu ba, ka zo ka karɓi sanda."

Aƙilu ya ce, "To, Baffa." Dama me zai ce? A gidansu ba a mayar wa uba magana. Kuma ba raina kiwo yake yi ba, a cikinsa ya tashi. Amma ya san in ya bi shanun nan, shi da allo da alli sai dai a mafarki. Ga shi dawa ta riga ta nuna a gonaki, girbi ya zo bakin ƙofa.

Ana cikin haka sai ya ji wata makarantar firamare mai zaman kanta a GRA tana neman malamin lissafi. Mai makarantar wata dattijuwa ce, Madam Edna, 'yar Kaltungo, wadda ta daɗe tana koyarwa a Legas kafin ta yi ritaya ta dawo gida ta buɗe tata. Aƙilu ya kai takardunsa, aka kira shi intabiyu.

Nan fa Danny ya shigo maganar. Danny abokinsa ne tun suna kwaleji, ɗan Billiri, yana zaune da mahaifiyarsa Mama Olivia a Bolari, yana gyaran waya kusa da tasha. A ganin Danny, duk Gombe babu wanda ya san sirrin intabiyu kamarsa. Cewa shi kansa ba a taɓa ɗaukarsa aiki ta intabiyu ba, wannan kam ba a tada masa zancen.

"Mutumina, karatu kana da shi," in ji Danny. "Abu ɗaya ne zai kashe ka, wannan kunyar taku ta Fulani. Ka shiga ofis kana kallon takalminka kamar wanda ya saci akuya, wa zai ba ka aji?"

"To ya zan yi? Haka na tashi."

"Za ka sauke ta a bakin get, in ka fito ka ɗauki kayarka."

Haka Danny ya sa shi a gaba kullum da yamma. Ya hana shi durƙusawa in zai gaida babba. Ya hana shi yin magana ƙasa-ƙasa. Ya koya masa ya riƙa faɗin abin da ya iya da bakinsa, abin da Aƙilu yake ji kamar cin mutuncin kai. Mafi wuya shi ne kallon ido. Da farko in Danny ya tsura masa ido, sai Aƙilu ya kau da kai yana dariya. Danny ya ce to ya riƙa kallon tsakanin girar mutum, ba mai ganewa. Da wannan dabarar aka samu kansa.

"Kuma duk abin da za ka faɗa, ka faɗe shi kai tsaye," in ji Danny. "In e ne, e. In a'a ne, a'a. Ban da inda-inda."

Ranar intabiyun Danny ya ara masa kwat da taye. Aƙilu ya kalli kansa a madubi, shi kansa sai da ya ji kamar ya gaida mutumin da ya gani.

Ya hau keke napep zuwa GRA da sassafe, bai sa komai a cikinsa ba saboda fargaba. Ya tarar da masu neman aikin jere a kan benci a baranda. Aka yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ƙarshe. Kafin a zo kansa rana ta take tsaka, yunwa kuwa ta kama shi sosai.

Ya shiga da sallamarsa, ya tsaya ƙyam, ya gaida Madam Edna da murya a buɗe. Mace ce kakkaura mai furfura, tabarau a kan hanci, fuskarta a sake. Ya sa idonsa a tsakanin girarta bai ɗauke ba.

Ta tambaye shi karatunsa, ya faɗa. Ta tambaye shi me ya sa yake ganin ya fi sauran cancanta, ya daure ya yabi kansa yadda Danny ya koya masa. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Ga yaro a ajinka, da ya ji an ce lissafi sai ya fara hawaye. Kana so ka koya masa rabi da kwata. Ya za ka yi?"

Wannan kam ba Danny ne ya koya masa ba. Aƙilu ya ce zai sayo rake ya shigo da shi aji, ya ba yaron ya karya biyu ya ba abokinsa, sannan kowa ya sake karya nasa. Ya ce ba zai ambaci kalmar lissafi ba sai an shanye raken. Madam ta yi dariya har tana buga tebur. Ta sa shi ya tashi ya gwada mata a allo, ya gwada, tana ta gyaɗa kai.

"Kai, ka burge ni," in ji ta. "Zauna."

Sai ta jawo wata kula daga gefen tebur ta buɗe. Masa ce mai zafi, ƙamshinta ya cika ofishin. Ta zuba a faranti, ta tsiyaya kunun gyaɗa a kofi, ta tura gabansa.

"Na san tun safe kuke zaune a waje. Da hannuna na yi a gida. Ci mana, ɗana."

To a nan sai na ɗan tsaya in yi wa waɗanda ba su san Fulani ba bayani. A gidan su Aƙilu, saurayi ba ya cin abinci a gaban babba, balle mace sa'ar mahaifiyarsa. Ko yunwa za ta kashe shi, sai dai ya ce ya ƙoshi. A wurinsu wannan ladabi ne, kuma ya shiga jinin Aƙilu har ba ya ma lura yana yi.

Da a ce Aƙilu na kullum ne, da sai ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya ce a hankali ya ƙoshi. Amma yau Aƙilun Danny ne a kan kujera. Ya kalle ta tsakiyar ido, ya ce da murya garau, "A'a Madam, ba zan ci ba."

"Ko kunun ka sha."

"A'a, na gode. Ba zan sha ba."

Madam ta dube shi na ɗan lokaci. Ta mayar da masar cikin kula, ta rufe a hankali, ta mayar da tabarau. Fara'ar nan duk ta ɗauke.

"To. Za ka ji daga gare mu," in ji ta, tana kallon wani wuri daban.

Aƙilu ya fito jikinsa a sanyaye. Ya ga canjin fuskar sarai, amma wallahi ko kusa bai kawo maganar masar a ransa ba. A wurinsa intabiyu ya ƙare tun a allo, abin da ya biyo baya tayi ne kawai irin wanda ake yi wa baƙo, shi kuma ya amsa yadda ɗan mutunci yake amsawa.

A cikin keke ya yi ta tambayar kansa. Ko tayen ne ya karkace? Ko warin zufa ta ji? Ko yabon kan da ya yi ne ya yi yawa, sai daga baya abin ya dawo mata? Bai zarce gida ba, Bolari ya nufa.

Ya tarar da Danny a tsakar gidansu. Danny na ganin fuskarsa ya ajiye wayar da yake kwancewa.

"Ka kalli ƙasa ko?"

"Ban kalla ba."

"Ka durƙusa?"

"Ban durƙusa ba. Komai ya tafi daidai, har cewa ta yi na burge ta. Sai kawai a ƙarshe ta haɗe rai."

"Haka kawai? Mutum ba ya haɗe rai haka kawai. Tashi mu sake yi tun daga farko, ni ne Madam."

Danny ya ɗauko wani tsohon tabarau ya ɗora a hanci, ya zauna a kan turmi yana hura ciki. Aƙilu ya fita zaure ya sake shigowa da sallama. Suka bi intabiyun tambaya bayan tambaya. Danny ya duba tsayuwarsa, ya duba zamansa, har hammatar kwat ɗin sai da ya sansana. Da aka zo maganar rake ya ce wannan amsar ko shi sai haka. Suka kai ƙarshe ba su ga aibu ko ɗaya ba, domin Aƙilu bai faɗi zancen masa ba. Bai ɓoye ba ne, bai dai ɗauke shi a bakin komai ba.

"Abin nan da mamaki," in ji Danny yana sosa ƙeya. "Ko dai tana da wanda take so ta ba, ta tuna da shi a ƙarshe?"

"Ba irin wannan fuskar ba ce. Kamar wadda aka ɓata wa rai."

Suna cikin haka Mama Olivia ta fito daga kicin da kwano biyu na dambu. Ta ajiye wa ɗanta ɗaya, ta miƙa wa Aƙilu ɗaya. Aƙilu ya rusuna ya gaishe ta, ya ce, "Na ƙoshi, Mama. Na gode."

Mama ta ajiye kwanon a ƙasa kusa da Danny, ta juya za ta koma. Aƙilu ya ɗaga kai daidai lokacin da take juyawa, sai ya ga fuskarta.

"Danny," ya ce a hankali, "ka ga fuskar da Mama ta yi yanzu? Ita ce. Irin ta Madam ce sak."

Danny ya kalli bayan mahaifiyarsa, ya kalli kwanon, ya kalli abokinsa. Ya cire tabarau.

"Tsaya. Madam ta ba ka abinci?"

"Ta yi mini tayin masa da kunu."

"Ka ce me?"

"Na ce ba zan ci ba."

"Da wace murya?"

"Da wadda ka koya mini."

Danny ya dafe kai da hannu biyu. Ya kira mahaifiyarsa ta dawo, ya ba ta labarin Madam da masar, sannan ya ce don Allah ta faɗa wa Aƙilu gaskiya, me take ji in ya ƙi abincinta. Mama ta so ta kauce, ta ce ba komai. Da Danny ya matsa, sai ta goge hannu a zani ta zauna a bakin baranda.

"Tunda kun tambaya. Aƙilu, tun kuna kwaleji kake shigowa gidan nan. Kana da ladabi, ban taɓa ganin laifinka ba. Amma ko ruwa ban taɓa ganin ka sha a gidana ba. Na ce a raina, to, yaron nan yana son ɗana, amma abincin Kirista ne ba ya ci. Ban riƙe ka ba, amma ba zan ce abin ba ya mini zafi ba. Mun saba gani. Akwai wadda muka yi shekaru muna maƙwabtaka, in na aika mata abincin Kirsimeti sai in gan shi a gaban kaji."

Aƙilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Danny ne ya yi magana.

"Mama, kwano biyun da nake shiga da su ɗaki kullum, wa kike zaton yake cinye ɗayan?"

"Ba kai ba?"

"Ni? Wannan mutumin da kike gani shiru-shiru, in an rufe ƙofa har kwano yake suɗewa. Miyar kukarki ma cewa yake ta fi ta kowa."

Mama ta riƙe haɓa tana kallon Aƙilu. "Ikon Allah. Ni kuwa ina ta yi wa ɗana faɗan ci." Ta yi dariya har da ƙwalla, amma Aƙilu bai iya dariyar ba. Ya yi mata bayanin yadda abin yake a gidansu, kansa a ƙasa, yana haɗa kalmomin da ƙyar. Ya roƙe ta gafara.

"Ba ka yi mini laifi ba, ni ce ban tambaya ba," in ji ta. "Amma ita waccan matar ba ta da Danny da zai faɗa mata. Tana can da abin a ranta."

Danny ya ce ai a ƙa'idar intabiyu ba a komawa, sai dai a jira kira. Mama ta harare shi ta ce ƙa'idojinsa sun isa haka nan.

Aƙilu ya koma Tudun Wada yana juya maganar. Komawar ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Ya je gaban dattijuwa ya buɗe baki ya yi zancen ci da yunwa, wannan ya fi cin masar kanta nauyi. Amma in bai je ba, aikin ya tafi, kuma wata baiwar Allah za ta ci gaba da ɗaukarsa mai ƙyamar mutane. Wannan na biyun shi ya fi tsaya masa a rai.

Washegari ya sa kaftaninsa da hularsa, ya bar kwat ɗin Danny a rataye, ya koma makarantar. Ya isa ana gab da tashi cin abincin rana. Aka shiga aka faɗa wa Madam, ta ce ya shigo.

Wannan karon ya rusuna ya gaishe ta yadda ya saba gaida manya. Ta amsa a taƙaice, ba ta ce ya zauna ba.

"Na ce za ka ji daga gare mu."

"Haka ne, Madam. Ba maganar aikin ce ta kawo ni ba. Wato ita ce, amma ba ita kaɗai ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Jiya kin ba ni abinci na ƙi. Ina so ki san ba don ke ba ne, ba kuma don addininki ba. A gidanmu ba ma ci a gaban manya. Kuma wallahi jiya da yunwa na fita daga nan."

Madam ta ajiye biron da ke hannunta. Ta dube shi sama da ƙasa, kamar yau ta fara ganinsa.

"Zauna," in ji ta. "Na san Fulani da kunya, a jihar nan aka haife ni. Da jiya ka shigo mini kamar yadda ka shigo yau, da ban yi tunanin komai ba. Amma mutumin da ya kafe ni da ido tun shigowarsa har fitarsa, ya yabi kansa ba ko gezau, sannan ya ce mini 'ba zan ci ba' kamar soja, ta ina zan ga kunya a jikinsa?"

"Aro na yi, Madam. Har da kwat ɗin."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Sai kuma son sani ya kama ta, ta matso da kujerarta.

"Tsaya in tambaye ka. Har mahaifiyarka ba ka ci a gabanta?"

"Tun da na yi wayo Inna ba ta ga loma ta shiga bakina ba."

"To in ta yi girki, ta ina take sanin ya yi maka daɗi?"

"Takan ajiye mini ta ba da baya, ta kama wani aikin. In na gama na tashi, sai ta zo ta duba kwanon."

Madam ta jinjina kai. Sannan ta ce, "Bari ni ma in faɗa maka nawa. Masar jiya ba jarrabawa ba ce, tausayi ne kawai. Amma a makarantar nan da rana kowa tukunya ɗaya yake ci, yaran Musulmi da na Kirista, malamai na zaune a tsakiyarsu. Da gangan na tsara haka. Yaro ba ya jin wa'azi, abin da malaminsa ya yi yake kallo. In malami ya ture kwano, gobe yara goma za su ture. Shi ya sa da ka fita jiya na cire ka daga raina, duk da babu wanda ya kai ka a cikinsu. Ban kira kowa ba tukuna, amma yau na yi niyya."

Aƙilu ya sunkuyar da kai.

"Na yarda da bayaninka," ta ci gaba. "Sai dai bayanin bai canza tsarin makarantata ba. Yaran nan ba su san al'adar rugarku ba, abin da za su gani kawai shi ne malam ba ya cin abincinmu. Za ka iya?"

Aƙilu ya san in ya ce e don a ba shi aiki kawai, gobe za a gane. Ya ce, "Ban taɓa yi ba, Madam. Amma zan koya."

Daidai nan aka kaɗa ƙararrawa. Madam ta miƙe ta ce, "To ga aji ya samu. Taso."

Ta kai shi wani dogon ɗaki cike da yara, hayaniya kamar kasuwa, ƙarar cokula ta ko'ina. Malamai na zazzaune a tsakanin yaran, wasunsu sun haife shi. Madam da kanta ta zuba shinkafa da wake a kwano, ta sa masa mai da yaji, ta nuna masa wani gurbi a kan benci. Yaran suka juyo suna kallon baƙo.

Aƙilu ya zauna da kwano a gabansa. Ya ɗauki cokali ya ajiye, ya sake ɗauka. Madam na tsaye a kansa, inuwarta a kan teburin. Ya yi bismillah a ransa, ya ɗebo, amma hannun ya tsaya a hanya.

Sai inuwar ta gusa. Ya saci kallo, ya ga Madam ta juya masa baya ta nufi taga, ta tsaya tana gyara wani labule da babu abin da ya same shi. Ta gama da wannan ta koma na gaba, shi ma lafiyarsa ƙalau.

Aƙilu ya kai lomar farko. Ta wuce da ƙyar. Ta biyu ta fi sauƙi. Yaran suka ga ba wani abin kallo, suka koma kan nasu kwanukan. Ya ci yana zufa, kunnuwansa na zafi, dattawan malamai na gefensa, bai tsaya ba sai da ya ga ƙasan kwanon. Ya tashi ya koma bakin ƙofa ya tsaya, kansa a sunkuye.

Sai a lokacin Madam Edna ta rabu da labulen. Ba ta kalle shi ba. Ta taka zuwa inda ya zauna, ta ɗaga kwanon, ta karkata shi wajen haske ta duba. Ko ƙwayar shinkafa babu.

"Malam Aƙilu," in ji ta, har yanzu idonta na cikin kwanon, "ka zo ranar Litinin. Ka taho da rakenka."

Darasi: 'Yan uwa, ku yi shirin intabiyu, ku sa kaya masu tsabta, ku koyi magana a gaban manya, duk wannan daidai ne. Amma kada ka ari halin wani har ka rufe naka, don mai ɗaukar aiki abin da ka nuna masa da shi zai fassara ka. In kana da wata al'ada da wanda ke gabanka zai iya yi wa mummunar fahimta, buɗe baki ka yi bayani da ladabi tun kafin shirunka ya yi maka ƙarya, in kuma ka gano ka yi kuskure, kada nauyi ya hana ka komawa ka gyara. Ku kuma masu ɗaukar aiki, da mu duka da muke zaune unguwa ɗaya da mutanen da ba yarenmu ɗaya ko addininmu ɗaya ba, mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci, domin mutane da yawa suna riƙe da juna a rai a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. Ku tura wa duk wanda kuka san yana neman aiki, ku tura wa maƙwabcin da kuka daɗe kuna yi wa wani zato.